Yawan Ambato Ba Shi Ne Ƙarfin Hujja Ba: Halin da Binciken Furobayotik da Ƙwayoyin Hanji Yake Ciki

Duk wanda ya shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, ya ƙirga maƙalun da ake wallafawa kan furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai da ake sha don amfanin lafiya, da ƙananan halittun da ke zaune a hanjin ɗan Adam, zai tarar adadin yana tafiyar hawainiya har wajen shekarar 2000, daga nan kuma ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu dubbai ne ke fitowa kowace shekara, Sin da Amurka na kan gaba wajen yawa. An ma buɗe wa fannin mujallu na kansa: Probiotics and Antimicrobial Proteins a 2009, Gut Microbes da Beneficial Microbes a 2010, Microbiome a 2013. Sai dai in aka duba ƙa'idojin da likitan hanji ke bi wajen rubuta wa majinyaci magani, abin da duk wannan rubutu ya canza bai taka kara ya karya ba. Dalilin wannan tazara yana cikin yadda ake samar da maƙalun da kuma yadda ake auna darajarsu.

Tunanin kansa tsoho ne. Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya danganta tsawon rai da shan madara mai tsami tun 1907. Alfred Nissle ya ware wani tsatso, wato reshe guda a cikin jinsi, na bakteriyar E. coli daga bayan gidan wani soja a 1917, Minoru Shirota kuma ya ware nasa a Japan a 1930, wanda aka fara sayarwa da sunan Yakult a 1935. Ma'anar furobayotik da kowa ke kafa hujja da ita yau, wato ƙananan halittu masu rai da ke amfanar lafiya idan an ba da su da yawan da ya isa, ta fito ne daga taron masana da hukumomin FAO da WHO suka kira a 2001. Abin da ya kawo ambaliyar maƙalu kayan aiki ne. Akasarin bakteriyar hanji ba sa jure iskar oksijin, saboda haka raino su a faranti aiki ne ja. Da aka samu damar karanta ƙwayar gadon 16S, wadda ake bambance bakteriya da ita, kai tsaye daga samfur, babu sauran buƙatar rainon. A 2005 ƙungiyar David Relman a Stanford ta yi hakan da samfuran mutum uku kacal, ta gano cewa mafi yawan abin da ke ciki ba a taɓa rainonsa ba. Amurka ta ƙaddamar da shirin Human Microbiome Project a 2007, shirin MetaHIT na Turai kuma ya fitar da kundin ƙwayoyin gado miliyan 3.3 daga mutum 124 a 2010.

Daga nan hanya ta buɗe wa kowa. A tara bayan gidan marasa lafiya 30 da na masu lafiya 30, a daskarar da shi a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili, a ciro DNA, a ninka yankin V4 na 16S, a saka a na'urar karanta DNA ta MiSeq, a bi da sakamakon ta manhajar QIIME ko mothur ko DADA2. Da wuya a rasa wani bambanci tsakanin rukunin biyu, don ana gwada ɗaruruwan dangogin bakteriya lokaci guda, kuma mara lafiya ya riga ya sha bamban da mai lafiya a abinci, a magungunan da yake sha, har a tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya ratsa hanjinsa. Ko wace cuta aka ɗauko, maƙala ta samu.

Wannan hanya tana da iyakoki da masu aikin sun sani sarai, amma ba kasafai suke isa ga taken maƙala ba. Yankin V4 haruffa kusan 250 ne, yana iya nuna dangi, wani lokaci jinsi, amma ba ya bambance tsatso da tsatso, alhali amfanin furobayotik a tsatso yake. Alƙaluman da na'ura ke bayarwa kaso ne, ba adadi ba: in wani dangi ya ninka, kason sauran zai ragu a takarda ko da ko ɗaya bai mutu ba. Bayan gida kuma hoton abin da ke fita ne, ba lallai ya nuna abin da ke manne da bangon hanji ba. Sannan ga lissafin kansa. A 2022 Jacob Nearing da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin lissafi 14 a kan tarin bayanai 38, kowace hanya ta fito da nata jerin bakteriyar da ta ce sun bambanta. Mai bincike da ya gwada hanyoyi uku ya ba da rahoton wadda ta fi yi masa daɗi bai ƙirƙiri ƙarya ba, amma mai karatu ba zai taɓa sanin sauran biyun ba.

Batutuwan da ke jan hankali sun riƙa zuwa bi da bi. Ƙiba ce ta fara, bayan aikin Peter Turnbaugh a ɗakin binciken Jeffrey Gordon a 2006. Alaƙar hanji da ƙwaƙwalwa ta biyo baya, har Ted Dinan, Catherine Stanton da John Cryan suka raɗa wa bakteriyar da ake sa ran za ta taimaki lafiyar ƙwaƙwalwa suna na musamman a 2013. A 2018 mujallar Science ta buga maƙalu uku a fitowa ɗaya kan yadda ƙwayoyin hanji ke da alaƙa da nasarar maganin ciwon daji mai zaburar da garkuwar jiki. Sai sabbin bakteriyar da ake sa ran za su zama furobayotik, irin su Akkermansia muciniphila, wadda aka fara bayyanawa a Wageningen a 2004, da Faecalibacterium prausnitzii. Kowane zango yakan fara da maƙala ɗaya mai ƙarfi, sai ɗaruruwan masu kwaikwayo, sai maƙalun bita da ke taƙaita masu kwaikwayon.

Yadda ake ƙirga tasiri

Ma'aunin tasirin mujalla da kamfanin Clarivate ke fitarwa lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki adadin ambaton da abubuwan da mujallar ta buga a shekaru biyun baya suka samu a bana, a raba da adadin maƙalun bincike da na bita da ta buga a waɗannan shekaru biyu. A misali, mujallar da ta buga maƙalu 400 aka ambace su sau 4,000, ma'auninta 10 ne. Matsakaici ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan masu farin jini ne ke ɗaga shi, akasarin sauran suna ƙasa da shi. Tun a 2012 sanarwar DORA ta San Francisco ta nemi a daina auna maƙala ko marubucinta da wannan lamba, amma kwamitocin ƙarin girma da yawa ba su daina ba.

To waɗanne maƙalu ne ke kwashe ambato a wannan fanni? Na farko masu ba da ma'ana. Takardar matsaya ta ISAPP, ƙungiyar masanan furobayotik ta duniya, da Colin Hill ya jagoranta a 2014 ana ambatarta a jimlar farko ta kusan kowace maƙalar furobayotik, haka ma 'yan uwanta kan firibayotik (abincin bakteriya masu amfani) a 2017, sinbayotik (haɗin bakteriyar da abincinta) a 2020 da fostbayotik (matattun ƙwayoyi ko sassansu) a 2021. Na biyu masu gabatar da manhaja, irin ta QIIME ta 2010. Na uku maƙalun bita. Duka ukun suna da amfani, amma babu wadda ke amsa ko wannan kwalba za ta hana wannan yaro gudawa. Gwajin asibiti da zai amsa hakan yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma sau da yawa yakan fito bayan tagar shekaru biyun ta rufe a kan maƙalar da ta haifi tunanin.

Ambato kuma ba shi da alamar yarda ko ƙi. Wanda ya ambaci maƙala don ya rusa ta, da wanda ya kwafo ta daga jerin wani ba tare da ya karanta ba, duk ƙuri'a ɗaya suka jefa. Shekaru arba'in ana maimaita cewa bakteriyar jikin mutum ta ninka ƙwayoyin jikinsa sau goma. Da Ron Sender, Shai Fuchs da Ron Milo suka bi diddigi a 2016, sai aka tarar asalin zancen ƙiyasi ne na sama-sama da Thomas Luckey ya yi a 1972. Lissafinsu ya ba da bakteriya kusan tiriliyan 38 da ƙwayoyin jiki kusan tiriliyan 30 ga namiji mai kilo 70. Har yau tsohuwar lambar ba ta daina fitowa a gabatarwar maƙalu ba.

Batun ƙiba ya fi wannan nauyi. Iƙirarin cewa masu ƙiba suna da rinjayen Firmicutes a kan Bacteroidetes, manyan rukunai biyu na bakteriyar hanji, ya shiga littattafai da tallace-tallace. A 2016 Marc Sze da Patrick Schloss suka haɗa bayanan bincike 10 suka sake lissafi, ba su samu wannan alaƙa a tsaye ba, bambancin da suka gani tsakanin masu ƙiba da marasa ita ɗan kaɗan ne. Hujjar da ake yawan kawowa ta cewa bakteriya ce sanadi ita ce dasa bayan gidan mara lafiya a hanjin ɓerayen da aka raina ba tare da ƙwayoyi ba. Jens Walter da abokansa sun duba irin wannan bincike 38 a 2020, 36 daga ciki sun ce cutar ta bi ɓerayen. Kashi 95 cikin 100 na nasara a kan cututtuka barkatai abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Ɗaya daga cikin kurakuran da suka nuna shi ne ƙirga ɓeraye a maimakon ƙirga mutanen da aka ɗebi samfur daga gare su: ɓera 20 da aka dasa wa bayan gidan mutum biyu, samfur biyu ne, ba 20 ba.

Inda bakteriya ta yi ƙaranci kuwa, gurɓata ce ke cin kasuwa. Susannah Salter ta nuna a 2014 cewa sinadaran ciro DNA da kansu suna ɗauke da DNA ɗin bakteriya. A shekarar dai aka wallafa cewa mabiyiya tana da nata ƙwayoyin, zancen ya bazu, sai a 2019 binciken Marcus de Goffau a kan mabiyiya 537 ya nuna cewa kusan duk abin da ake gani daga sinadarai ne ko daga lokacin haihuwa. Maƙalar da Nature ta buga a 2020 kan gane nau'in ciwon daji ta DNA ɗin bakteriya ta tara ɗaruruwan ambato kafin a janye ta a 2024, bayan wasu masu bincike sun nuna cewa an ɗauki guntayen DNA ɗin mutum a matsayin na bakteriya. Ambaton da ta tara ya riga ya shiga lissafin mujallar da na marubutan.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ake raba majinyata ta ƙuri'a, wasu su sha ainihin abin wasu su sha ƙwayar wofi marar magani a ciki, shi ne alƙali. A 2008 gwajin PROPATRIA na ƙasar Holan ya ba masu tsananin kumburin fankiriyas haɗin bakteriya shida ta bututu: mutum 24 cikin 152 suka rasu a rukunin furobayotik, 9 cikin 144 a ɗaya rukunin. Gwajin PLACIDE na Birtaniya a 2013, mai tsofaffi 2,941 da ke shan antibayotik a asibiti, bai ga raguwar gudawa ba. A 2018 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwaji biyu kan yara masu amai da gudawa, ɗaya a Amurka da yara 971 da tsatson GG na bakteriyar rhamnosus, ɗaya a Kanada da yara 886, duka babu amfani. A shekarar dai, binciken Cibiyar Weizmann a kan mutum 21 ya nuna cewa haɗin bakteriya 11 ya jinkirta dawowar ƙwayoyin hanji na asali bayan antibayotik. Samfurin ƙarami ne, kuma ba a auna rashin lafiya ba, amma ya taɓa ainihin dalilin da ya sa mutane ke sayen kayan.

Akwai nasarori na gaske. Gwajin Els van Nood na 2013 kan dashen bayan gida ga masu cutar Clostridioides difficile mai dawowa ya warkar da 13 cikin 16 a karon farko, maganin vancomycin kaɗai ya warkar da 4 cikin 13, har aka tsayar da gwajin kafin lokaci. Daga wannan layi ne FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da magungunan Rebyota a 2022 da Vowst a 2023. A jihar Odisha ta Indiya, Pinaki Panigrahi ya ba jarirai 4,556 ko dai tsatson plantarum ATCC 202195 haɗe da wani sukarin da bakteriya ke ci ko kuma ƙwayar wofi na kwana 7, shigar cuta cikin jini da mutuwa, a haɗe, suka ragu da kashi 40 cikin 100.

Jarirai bakwaini ne suka fi nuna wahalar lamarin. Gwajin ProPrems na Ostareliya da New Zealand, mai jarirai 1,099, ya ga cutar ruɓewar hanji ta sauko daga kashi 4.4 zuwa kashi 2 da haɗin bakteriya uku, ko da yake abin da aka shirya aunawa tun farko, wato cutar jini, bai motsa ba. Gwajin PiPS na Ingila, mai jarirai 1,310, ya yi amfani da Bifidobacterium breve BBG-001 bai ga komai ba. Nazarin da ke haɗa gwaje-gwaje yakan zuba waɗannan a kwando ɗaya ya ce furobayotik na aiki, alhali tsatso daban ne, adadi daban, jarirai daban. Shi ya sa ƙungiyar likitocin hanji ta Amurka, AGA, a ƙa'idojinta na 2020 ta ambaci tsatso da haɗi da sunayensu, ta kuma taƙaita shawarar ga wurare kaɗan: bakwaini, rigakafin C. difficile ga masu shan antibayotik, da kumburin jakar hanji bayan tiyata. A 2023 FDA ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu da cutar jini daga bakteriyar da ke cikin abin da aka ba shi. A Turai kuwa, iƙirarin lafiya ɗaya tak EFSA, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, ta amince da shi a wannan ɓangare: cewa bakteriyar yogot na taimakon narkar da sukarin madara, muddin akwai aƙalla ƙwayoyi masu rai miliyan 100 a kowane giram.

Masu ƙirga maƙalun su ma

Nazarin yanayin wallafa shi kansa ya zama sana'a. A zazzage bayanai daga rumbun Web of Science ko Scopus, a saka a manhajar VOSviewer ko CiteSpace, taswira mai launuka ta fito. Ba a nan gizo ke saƙa ba, a kalmomin nema ne. A 2020 Jinshui Zheng da abokansa suka raba dangin Lactobacillus, mai jinsi 261, zuwa dangogi 25. Tsatson GG ya koma ƙarƙashin Lacticaseibacillus, plantarum ya koma Lactiplantibacillus, reuteri ya koma Limosilactobacillus. A 2021 kuma Firmicutes ya zama Bacillota, Bacteroidetes ya zama Bacteroidota. Wanda ya nemi tsohon suna kaɗai zai ga kamar sha'awar batun ta ragu bayan 2020, wanda ya nemi sabo kaɗai zai ga kamar sabon fage ne ya ɓullo. Dole a haɗa sunayen biyu. Dole kuma a faɗi ko maƙalar da marubuta daga ƙasashe huɗu suka rubuta an ba kowace ƙasa maki ɗaya ne ko rubu'i, a raba maƙalun bita da na bincike, a daidaita ambato da shekarar wallafa don maƙalar bara ba za ta yi gogayya da ta 2012 ba, a kuma cire waɗanda aka janye. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne tun da mujallun kamfanin wallafa na Hindawi kaɗai suka janye maƙalu sama da 8,000 a fannoni daban-daban a 2023, akasari daga fitowa ta musamman da baƙin editoci suka kula da ita.

Wani abin da ke kumbura alƙaluma a 'yan shekarun nan shi ne maƙalun da ke amfani da bambancin ƙwayoyin gadon mutane don hasashen sanadi. Tushen yawancinsu bayanan ƙungiyar MiBioGen ne na 2021, daga mutum 18,340. A wancan aikin, wuri ɗaya ne a ƙwayoyin gadon mutum ya tsallake ma'auni mafi tsauri: LCT, mai kula da narkar da sukarin madara, da alaƙarsa da Bifidobacterium. Don a samu abin lissafi, masu bin baya sukan sassauta ma'aunin, su haɗa dangogin bakteriya fiye da 200 da kowace cuta da ke da bayanai a intanet. Ba a taɓa majinyaci ba, ba a buɗe firiza ba, maƙala ta fito cikin makonni. A taswira za a ga batu mai tasowa, a ganinmu kuwa yawancinsu hayaniya ce.

Taswirar ba ta nuna waɗanda babu su a ciki. Richard Abdill da abokansa sun duba samfura 444,829 na ƙwayoyin jikin ɗan Adam da ke rumbunan jama'a a 2022: sama da kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka san asalinsu daga Turai, Amurka da Kanada suke, Amurka kaɗai na da kashi 46.8 alhali mutanenta kashi 4.3 ne na al'ummar duniya. Tun 2010 binciken Carlotta De Filippo, da ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na birnin Florence a Italiya, ya nuna yadda abinci ke sauya mazauna hanji ƙwarai. Abin da ake kira lafiyayyen hanji a maƙalu da yawa hanjin mazaunin birni ne a ƙasa mai arziki.

Mai son sanin nauyin maƙala guda ya bar lambar mujallar ya tafi sashen hanyoyin bincike. Ya ga ko an rubuta cikakken sunan tsatso da lambar ajiyarsa, don Lacticaseibacillus rhamnosus kawai ba tare da GG ko R0011 ba bai faɗi abin da aka sha ba. Ya ga adadin ƙwayoyi masu rai a kowace rana, wanda yawanci ke tsakanin biliyan 1 da biliyan 100, da ko an sake ƙirga su a ƙarshen gwaji, tun da zafi da laima na kashe su a ajiya. Ya buɗe rajistar gwajin a ClinicalTrials.gov ya kwatanta abin da aka yi alkawarin aunawa da abin da taken ke shela. Ƙaruwar Bifidobacterium a bayan gidan wanda ke haɗiyar Bifidobacterium kullum ba sakamakon lafiya ba ne. In binciken DNA ne, ya nemi bututun wofi da aka bi da shi ta duk matakai don kama gurɓata, da samfurin da aka san abin da ke cikinsa, da lambar da aka ajiye ɗanyen bayanai a rumbun SRA ko ENA, ya kuma ga ko an bi jadawalin STORMS na 2021, mai jera abin da ya kamata irin wannan bincike ya bayyana. Ya duba wanda ya biya kuɗin aikin da wanda ya yi lissafin. Sannan ya nemi teburin illoli, wanda sau da yawa ba zai same shi ba: Aïda Bafeta da abokanta sun duba gwaje-gwaje 384 a 2018, kashi 28 cikin 100 ba su ce komai kan illa ba, kashi 80 kuma ba su faɗi adadin munanan illoli a kowane rukuni ba.